Kiɗan Ƙarfe da Shaidar Zur

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a bakin masu wa'azi, tun daga Amurka har ya iso majami'un Afirka ta Yamma cikin littattafai da kaset-kaset. Labarin ya shafi wani kiɗan Turawa da ake kira hebi metal, watau ƙarfe mai nauyi, kiɗa mai ƙara kamar tsawa, na samari masu dogon gashi da baƙaƙen tufafi. Ana cewa makaɗan nan sun ƙulla alkawari da Shaiɗan, sun ɓoye saƙonsa cikin faifai, har idan aka juya faifan da baya za a ji muryar Iblis. Ana cewa kuma da wannan dabara aka kama zukatan miliyoyin samari ba da saninsu ba. Labarin yana da daɗin faɗi, yakan sa jama'a su yi tsit a majami'a. Amma ba gaskiya ba ne. Mai bi kuwa da ya yaɗa ƙarya domin ya kāre gaskiya ya yi zunubi, gama dokar da ta hana shaidar zur ba ta ce ban da makaɗa ba.

Sai a fara daga tushe. An haifi kiɗan nan a Barmingam, birnin maƙera da masana'antu na ƙasar Ingila, cikin wata unguwar talakawa mai suna Aston. A can wani saurayi ɗan shekara 17, Tony Iommi, yake aiki a masana'antar yanka fallayen ƙarfe. Ran da zai bar aikin ya koma kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, hannun da yake danna tsirkiyar jita da shi, gama shi bahago ne. Ya fid da rai, sai shugabansa na wurin aiki ya sa masa faifan Django Reinhardt, wani gwanin jita wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu amma bai bar kiɗa ba. Iommi ya narka kwalbar roba ya yi wa yatsunsa huluna, ya manna musu fata, ya sa siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta su don rage zafi. Duk wanda ya taɓa sassauta tsirkiyar garaya ya san yadda muryarta takan yi kauri. Babban rabo na nauyin nan da ake cewa daga ramin Jahannama ya fito, ashe daga haɗarin masana'anta ya fito.

A 1968 shi da abokansa uku suka kafa ƙungiya, a 1969 suka raɗa mata suna Black Sabbath, sunan wani fim mai ban tsoro. Sun lura mutane suna biyan kuɗi a silima don a tsorata su, suka ce bari a gwada haka da kiɗa. Dabarar tsohuwa ce, ita ce ta tatsuniyar dodo da ake yi wa yara da dare. Faifansu na fari ya fito ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1970. Masu sharhi a jaridu suka kushe shi, 'ya'yan ma'aikata suka saye shi har ya kai na 8 a cinikin faifai na Ingila. Gaskiya ne an zana gicciye a juye cikin bangonsa, amma kamfanin ne ya sa ba tare da shawarar makaɗan ba. Geezer Butler, mai rubuta musu yawancin kalmomin waƙa, a gidan Katolika ya tashi. Ya taɓa leƙa littattafan sihiri, ya tsorata, ya watsar. Waƙarsu War Pigs ta 1970 zargin manyan da suke tura 'ya'yan talakawa yaƙi ce, waƙarsu After Forever ta 1971 kuwa tana kāre bangaskiya ga Allah a fili. Gicciyen da suke ratayawa a wuya, mahaifin mawaƙinsu Ozzy Osbourne ne ya fara ƙera musu. Mai wa'azin da ya ambaci gicciyen da aka juya, ya yi shiru a kan waɗannan, ya auna da mudu biyu.

To, ta yaya samari suka san kiɗan har suka ƙaunace shi? Amsar ba a ɓoye take ba, su da kansu sun sha faɗa. Lars Ulrich, mai kiɗan gangunan Metallica, yana ɗan shekara 9 a 1973 aka kai shi kallon ƙungiyar Deep Purple a Kofanhegan da tikitin da mahaifinsa ya samu. Abokinsa James Hetfield ya tarad da Black Sabbath cikin faifan yayansa. Labarin Hetfield ya isa ya sa kowane dattijon Ikilisiya ya sunkuyar da kai. Iyayensa 'yan wata ɗariƙa ce mai hana zuwa wurin likita. Mahaifin ya bar gida yaron yana da shekara 13, mahaifiyar ta mutu da ciwon daji yana da 16, ba ta karɓi magani ba. Fushin da ake ji cikin muryarsa, ba wani saƙon ɓoye ya shuka shi ba. An shuka shi a gidan da ake kiran sunan Allah safe da yamma.

Dubban da ba su yi suna ba, hanyarsu ke nan. Wani a ɗakin yayansa ya ji, wani abokin makaranta ne ya ara masa kaset, wani kuwa zanen bangon faifai ne ya ja idonsa a kanti. A Ingila akwai shirin rediyon BBC na daren Jumma'a wanda Tommy Vance ya fara gabatarwa a 1978, yara suna kwance suna saurare. A 1981 mujallar Kerrang! ta fito. Sai al'adar musayar kaset: saurayi ya kwafi abin da yake da shi, ya aika ta gidan waya ga wani da bai taɓa gani ba a wata ƙasa, shi ma ya aiko masa da nasa haɗe da wasiƙa. Metallica kanta da 'yar sanarwar neman abokan kiɗa a jarida aka kafa ta a 1981, kaset ɗinta na gwaji na 1982 kuma hannu da hannu ya zagaya duniya. A farkon shekarar nan ta 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun wuce miliyan 3, masana'antu suna ta rufewa. Yaron da makaranta ta raina, uba ba ya gida, aiki babu, ya shiga zaure ya tarad da ɗaruruwa irinsa, ba wanda ya tambaye shi ɗan wane ne. Abin da ya samu a can sunansa zumunta, kalmar da Ikilisiya ta fi kowa ambata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a tambayi abin da makaɗa suka ba yaron, sai a tambayi abin da ya rasa a gida da majami'a.

Batun saƙon baya-baya kuwa an gwada shi. A 1985 waɗansu masana biyu na ƙasar Kanada, John Vokey da Don Read, suka ɗauki maganganu iri iri, har da Zabura ta 23, suka sa wa mutane da baya. Masu sauraro ba su iya rarrabe maganar addini da ta talla ko ta batsa ba. Amma idan aka riga aka gaya musu abin da za su ji, sai su ce lalle sun ji. Haka masu wa'azin nan suke yi: su faɗi kalmomin tukuna, sa'an nan su kunna kaset. Mai tsoron dare, kowane kututture kura ne a wurinsa.

An kai maganar har gaban alƙali. A Disamba 1985 samari biyu a jihar Nebada ta Amurka, ɗaya ɗan shekara 18 ɗaya 20, suka wuni suna shan giya da tabar wiwi, suka harbe kansu. Ɗaya ya mutu nan take, ɗayan a 1988. Iyalansu suka kai ƙarar ƙungiyar Judas Priest, cewa saƙon ɓoye ne ya tura su. A 1990 kotun birnin Reno ta saurari shaidu har makonni, ta yanke cewa ba a tabbatar faifan ne ya jawo mutuwar ba. Abin da shari'ar ta tono shi ne barin makaranta, da shaye-shaye, da tashin hankali a gida. Mai karatu ya lura da wurin da abin ya faru: filin wasan yara na wata majami'a. A gindin bangon gidan Allah suka zauna da bindiga, ba wanda ya sani.

Ƙarya kuwa ba a banza take tafiya ba, wani ne yakan biya. A 1993 aka kashe yara uku 'yan shekara 8 a garin West Memphis na jihar Arkansas. Jita-jitar tsafin Shaiɗan ta cika gari, aka kama samari uku. Cikin abin da aka kawo gaban kotu har da baƙaƙen rigunansu da irin kiɗan da suke ji. A 1994 aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa, biyu ɗaurin rai da rai. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi daga baya bai haɗa su da wurin kisan ba, aka sake su a 2011 bayan shekara 18 a kurkuku, bisa wata yarjejeniya da masu gabatar da ƙara. Duk wanda ya hura wutar jita-jitar nan daga bagade yana da rabo cikin shekarun da aka cinye musu.

Kada wani ya ce ana wanke kiɗan nan tas. Akwai miki, mai zurfi ma. Waɗansu ƙungiyoyi sun mai da saɓo kayan talla. Giya da ƙwaya sun hallaka makaɗa da yawa, Osbourne kansa ya sha shekaru cikin bautarsu. A ƙasar Norwe abin ya wuce wasa: ran 6 ga Yuni 1992 aka ƙone majami'ar katako ta Fantoft, wadda aka gina tun wajen 1150, waɗansu majami'u suka biyo baya. A 1994 kotu ta ɗaure wani makaɗi, Varg Vikernes, shekara 21 saboda kisan kai da ƙone majami'u. Wannan mugunta ce, kuma daidai ne iyaye su san abin da 'ya'yansu suke ji, su hana abin da ya kamata a hana. Amma tun da akwai laifin gaskiya irin wannan, me ya kawo ƙage? Saurayin da ya kama fastonsa da ƙarya a kan faifai, gobe idan an yi masa maganar tashin Almasihu daga matattu zai ce ita ma irin waccan ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, abin baƙin ciki kuwa, bishara ce ake jefawa ciki.

A duba kuma amfanin da wuta ta kawo. A 1982 waɗansu masu bi a Amurka suka ƙone faifan Iron Maiden mai suna The Number of the Beast, alhali marubucin waƙar ya ce mugun mafarki ne ya yi bayan kallon fim, ya haɗa da karatu daga Wahayin Yahaya. Ƙungiyar sai ƙara suna ta yi. A 1985 aka kai batun waƙoƙi gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka, aka fara manna gargaɗi a bangon faifai, yara da yawa suka mai da gargaɗin alamar abin da za su nema. 'Yan ƙungiyar Stryper, masu kiɗan ƙarfe da sunan Yesu suna rarraba Littafi Mai Tsarki ga 'yan kallo, su ma ba su tsira ba. Jimmy Swaggart, wanda ta wurin wa'azinsa a talabijin iyalin biyu daga cikinsu suka ba da gaskiya, shi ne ya fito ya la'ance su.

Waɗansu sun bi wata hanya. Alice Cooper, ɗan mai wa'azi, wanda ya yi suna da wasan ban tsoro, ya bar giya ya komo ga bangaskiya, a 2012 kuma ya buɗe gida a birnin Finiks inda matasa suke koyon kiɗa kyauta. A ƙasar Finlan tun 2006 limaman Lutaran suke yin sujada da waƙoƙin littafin Ikilisiya a kan kiɗan ƙarfe. Ba lalle kowa ya yarda da wannan ba. Amma Ikilisiyar ƙasar Hausa ta san irin wannan gardama, gama akwai lokacin da aka hana ganga shiga majami'a don ana danganta ta da bori, yau kuwa da ganga da tulu zumuntar mata take yabon Ubangiji. A ran 5 ga Yuli 2025 Black Sabbath suka yi wasan ban kwana a Aston, aka ware ribar domin asibitin yara, da gidan jinyar yara masu ciwon ajali, da binciken ciwon makyarkyata. Ran 22 ga watan Osbourne ya mutu. Shari'arsa tana hannun Allah, wanda ba ya bukatar shaidar zur daga bakin kowa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kiɗan da yake jan yaro yakan sāke daga tsara zuwa tsara, amma ƙofar da yake fita ta cikinta ɗaya ce: ba wanda ya zauna ya saurare shi. Makiyayin da Ubangiji ya ba da misalinsa cikin Luka sura 15 bai tsaya a garke yana zagin kura ba, ya bar 99 ya bi sawun guda. Dattijon da ya ga ɗansa ya toshe kunne da kiɗa, bari ya bincika kafin ya yi wa'azi, ya tambaya kafin ya kunna ashana. Allah ya tsare bakin bayinsa daga ƙarya, ya ba su kunnen jin kukan 'ya'yansu. Amin.