Hattara Da Masana'antar Tatsar Waken Soya

Sanin kowa ne cewa waken soya ya tashi daga amfanin gonar da aka fi dangantawa da manoman ƙasar Tibi a Jihar Binuwai, ya zama hajar da ake rububinta tun daga Gboko har zuwa kasuwar Dawanau ta Kano. Dalili kuwa a fili yake. Ƙwayar waken tana ɗauke da mai wajen kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, tunkuzar da ke saura bayan an tatse man kuma tana da sinadarin gina jiki fiye da kashi 40 cikin ɗari, wadda ita ce ƙashin bayan abincin kajin gona da kifi. To amma duk wanda ya saurari masu shirin zuba jari a wannan fanni zai ji lissafinsu bai wuce kuɗin buhu da na injin da na dako ba. Abin da za a kashe domin kare ran ma'aikaci da lafiyar hajar kanta ba ya shiga takarda, alhali kuwa shi ne ke iya cinye uwar kuɗi cikin dare ɗaya.

Hanyoyin tatsar man dai guda biyu ne. Akwai injin matsa, wanda ke barin mai kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a jikin tunkuza. Akwai kuma wanke niƙaƙƙen waken da sinadarin hekzen, wani ruwa da ake samu daga man fetur, wanda ke tsotse man har ya rage bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Bambancin yakan kai kilo 40 ko fiye a kowane tan, kuma wannan ne ke jan hankalin ɗan kasuwa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi wannan riba, sai dai wajibi ne ya san abin da ya shigo da shi harabarsa.

Hekzen yana tafasa a zafin digiri 69, amma tun kafin nan yake fitar da tururi mai kama wuta, ko da a tsananin sanyi, balle a zafin watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi wajen sau uku, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi kwata da ramuka, ya taru inda ido ba ya gani, kuma da ya kai kashi 1 da ɗoriya cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Abin da ya faru ke nan a birnin Louisville na Jihar Kentucky ta Amurka ranar 13 ga Fabrairu, 1981, lokacin da hekzen ya malala daga masana'antar waken soya ta kamfanin Ralston Purina ya shiga magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Da asuba abin ya fashe, tituna suka rufta, aka bar unguwanni da manyan ramuka. Allah ya taƙaita ba a yi asarar rai ba, domin mutane ba su fito ba tukuna, amma kamfanin ya biya diyyar miliyoyin daloli. Mai karatu ya kwatanta wannan da unguwannin masana'antu na ƙasar nan, inda kwatar ma'aikata ke haɗuwa da ta gidajen jama'a, mai shayi kuma ya hura wutarsa a bakin ƙofa.

Bayan gobara akwai cuta ta sannu a hankali. Ma'aikacin da ya daɗe yana shaƙar tururin hekzen yakan fara jin hannuwa da ƙafafu suna sagewa, daga baya ƙarfinsu ya ragu, domin sinadarin yana lahanta jijiyoyi. A wurinmu irin wannan akan ce sanyi ne, a sallami mutum ya tafi gida neman magani, a ɗauki wani a gurbinsa.

Ra'ayina shi ne, wanda jarinsa bai kai ya sayi na'urar gano tururi da wayoyin lantarki marasa tartsatsi, ya kuma ɗauki injiniya na dindindin ba, to ya tsaya ga injin matsa. Tunkuzarsa mai saura da mai tana da masu so cikin masu kiwon kaji, kilo 40 ɗin da ya rasa kuwa ba su kai darajar gininsa ba.

Sai dai ita ma tunkuzar injin matsa tana da nata sharaɗin. Idan aka jibge ta da zafinta, ko da laima a jiki, man da ya rage yana haɗuwa da iska ya riƙa ɗumama ta daga ciki har ta kai ga yin hayaƙi. Wannan ne ya sa dokokin sufurin teku na duniya suka sanya irin wannan tunkuza cikin kayan da ke iya kama wuta da kansu. Maganin abin ba shi da tsada. A bari ta huce kafin a zuba a buhu, a ɗora buhunan a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango, a kuma fitar da tsohuwa kafin sabuwa.

Batun laima ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin nan ne kuɗi ke zurarewa ba tare da an ji ƙara ba. Waken da za a adana bai kamata laimarsa ta wuce kashi 12 ko 13 cikin ɗari ba. Wanda ya yi gaggawar saye a farkon kaka, ya auni tan 100 mai laima kashi 16, idan ya bushe ya koma kashi 12 zai tarar saura tan 95 da rabi. Wato ya biya kuɗin ruwa tan huɗu da rabi. Idan kuma bai shanya ba ya rufe a sito, fumfuna ce za ta bi, man da za a tatsa ya yi tsami, masu tacewa su karya masa farashi. Na'urar auna laima ta hannu ba ta kai wannan asara ba ko kusa, amma har yanzu da yawa daga dillalanmu haƙori suke sa wa ƙwaya su ce ta bushe. Haka nan zuba maganin ƙwari barkatai a sito, wanda shi ne ya jawo Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015, bayan an yi ta samun sinadarin daiklobos a cikinsa. Bai kamata waken soya ya bi wannan sawu ba.

Ƙurar waken ma ba abin rainawa ba ce. Tsakanin 1981 da 1987 birnin Basalona na ƙasar Sifen ya sha fama da ɓarkewar ciwon fuka, inda a rana guda mutane da dama kan cika asibitoci, wasu ma suka rasu. Bincike ya gano cewa ranakun sun yi daidai da ranakun sauke waken soya daga jiragen ruwa zuwa rumbunan tashar. Da aka sanya wa rumbunan matatar ƙura a 1987, abin ya tsaya. 'Yan dakon da ke juye buhuna a sitocinmu ba su da ko takunkumin rufe hanci.

A ɓangaren ci kuwa, ɗanyen waken soya yana ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da abinci mai gina jiki, kuma zafi ne kaɗai ke kashe shi. Tunkuzar da ba ta gasu sosai ba tana tsumburar da 'yan tsaki, wadda ta ƙone kuma amfaninta ya ragu, don haka mai sayen tan-tan ya nemi sakamakon gwaji kafin ya biya. Masu madarar soya da awara su tafasa ruwan da kyau, kuma abin da ya kwana a zafi ba na sayarwa ba ne. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar soya sam, shi ya sa ya zama dole a bayyana ta a jikin kwalin duk abincin da aka haɗa da ita.

Dokoki dai akwai su. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ikon shiga ma'aikata su duba, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 kuma tana da hurumi a kan abinci da sinadarai. Amma sufeto zuwa yake yi ya tafi, kuma yawansu bai kai na masana'antun ba. Waɗanda kuɗinsu ke cikin ginin dare da rana su ne bankuna da kamfanonin inshora. Ya kamata banki ya ƙi sakin rancen kafa injin hekzen sai ya ga takardar binciken 'yan kwana-kwana da taswirar inda kwatar ma'aikatar ta nufa, kamfanin inshora kuma ya rage kuɗin shekara ga sito mai na'urar auna laima da littafin da ake rubuta zafin buhuna kowane mako.