Daga Gwalkwas Zuwa Gana: Ina Rabon Zango?

Duk ranar 6 ga Maris yaranmu na makaranta sukan yi maci cikin rana ana buga musu ganga. Amma in muka tsai da ɗaya a aji muka tambaye shi yadda Gwalkwas ta zama Gana, sai ya ce Nkrumah ne ya karɓo, shi ke nan. To, a wannan wata bari mu ɗan waiwaya, domin labarin ya shafe mu 'yan Zango fiye da yadda muke zato.

A 1874 Ingila ta mai da bakin teku ƙasar mallakarta, shekarar da sojojinta suka ƙone Kumasi. Kada mu ɓoye wa kanmu, a cikin rundunar da ta yaƙi Tonawa akwai wadda Kyaftin Glover ya tara, ana kiranta ta Hausawa. Daga baya Hausa ta zama harshen bariki, da ita ake ba soja umurni. Wasu kakanninmu fataucin goro ya kawo su, wasu kuwa kakin Bature.

Sojan nan da Bature ya dogara da shi, ta kansa wutar ta tashi. Waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu har Bama sun komo gida ba aiki, kuɗin sallama kuma bai taka kara ya karya ba. Kaya sun yi tsada, har Nii Kwabena Bonne ya sa jama'a suka ƙaurace wa kantunan Turawa a Janairun 1948. Ran 28 ga Fabrairu tsofaffin sojoji suka nufi fadar Gwamna a Osu da takardar kokensu, aka buɗe musu wuta. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi nan take. Ankara ta hargitse, tarzoma ta bazu zuwa wasu garuruwa, mutum 29 suka rasa rayukansu.

Gwamnati ta kama shugabannin jam'iyyar UGCC guda shida, har da Kwame Nkrumah, kamun da ya ƙara musu farin jini. A 1949 Nkrumah ya ware ya kafa CPP, yana neman mulkin kai ba tare da jinkiri ba. Yajin aikin 1950 ya kai shi kurkuku. Yana ciki aka yi zaɓen 1951, jam'iyyarsa ta cinye kujeru 34 daga cikin 38 da jama'a suka zaɓa. Dole Gwamna ya sake shi ya damƙa masa shugabancin harkokin gwamnati. Ran 6 ga Maris 1957 aka sauke tutar Ingila.

A nan littafin makaranta yakan tsaya, amma namu labarin yana da saura. A cikin wannan shekara ta 'yanci gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan zuwa Nijeriya, saboda suna ɓangaren adawa. Sun ce su haifaffun nan ne, sun kai ƙara kotu, sai majalisa ta yi doka musamman a kansu, shari'a ta mutu. A Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Dubban mutane suka sai da gida da kaya a wulakance suka hau manyan motoci. A cikinsu akwai waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, ba su san kowa ba a inda aka nufa da su. Abin da suka rasa takarda ce kawai.

Abin da muke so mu gane shi ne, mulkin kai yana nufin 'yan ƙasa su ke rubuta dokar da ke faɗin wane ne ɗan ƙasa. Wanda ba ya wurin da ake rubutun, wani ne zai rubuta masa. Iyayenmu da yawa sun ɗauki siyasa da boko a matsayin harkar wasu, suka tsaya ga kasuwa da masallaci, ranar da aka zo tambaya kuwa ba su da abin nunawa.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in an yi haihuwa a karɓo takardar haihuwa kafin a gama cin naman suna. Wanda ya cancanci katin ɗan ƙasa ya je ya karɓa, wanda ya kai shekara 18 ya yi rajistar zaɓe. Yaro ya yi allo, ya kuma yi boko, mace da namiji. Limamai da sarakunan Zango su riƙa tunatarwa a wurin suna da ɗaurin aure. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.