Ɗan aji shida a Babura da lissafin mudu

Malam Edita,

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a nan Babura. Wanda zai zauna a ajinta nan gaba yau yana firamare, kuma lissafinsa ne ke damuna.

Manhajar hukumar NERDC ta ce kafin yaro ya bar aji shida ya iya ninkawa da rabawa, rabi da kwata, kashi cikin 100, riba da faɗuwa, da auna faɗin fili. Amma ran kasuwa za ka ga yarinya mai talla tana ba da canji da ka, ba kuskure. Rubuta mata wannan lissafin a allo, sai ta daskare. Tana rera "biyu sau biyu huɗu", ba wanda ya taɓa nuna mata cewa mudu biyu sau biyu ɗin nan ne take aunawa kullum.

Ina roƙon hukumar ilimin bai-ɗaya, SUBEB, ta Jigawa ta tura ƙwararrun malaman lissafi azuzuwan huɗu zuwa shida a Babura, Roni, Gwiwa da Kazaure, a koyar da mudu da igiyar awo, a fara bayani da Hausa.

Wassalam,
Wani uba, Babura