Wa Zai Riƙe Littafin Kuɗi?



A yawancin makarantunmu na sakandare akwai wata rana a mako da ake kira ranar kulob. Ana tashi daga darasi da wuri, a ce kowane ɗalibi ya nufi ƙungiyarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar jeka-ka-dawo a irin wannan rana ya san inda akasarin yaran ke nufa: gida, ko filin ƙwallo, ko rumfar mai cajin waya. Sau da yawa ma malamin da aka ɗora wa kula da ƙungiyar ya riga su hawa babur. Sharhinmu na yau a kan wannan sa'a ce da ake zubarwa, musamman rabon ƙungiyoyin da aka kafa don yi wa jama'a hidima da koyon shugabanci.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin boko ya zo, ƙauye yana da sarkin samari. Idan gonar wani dattijo ta fi ƙarfinsa, ko rijiyar gari ta cushe, ko ciyawa ta rufe maƙabarta, sai a kai goro, a sa rana, a kira gayya. A nan saurayi yake koyon yadda ake raba kunya tsakanin mutum talatin, da yadda ake lallashin rago ya kama fartanya ba tare da an ci masa fuska ba, da yadda fura za ta kai ga na ƙarshen layi. Babu allo, babu jarrabawa, amma kafin damina ta fita kowa ya san wanda za a iya damƙa wa al'amari. Yaron birni na yau, da ma wanda aka kai makarantar kwana, ba shi da wannan fage. Abin da ya rage masa mai kama da shi shi ne ƙungiyar makaranta.

Bari mu ɗauki misali guda mu duba yadda aka gina shi. Ƙungiyar Rotary, wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a Chicago ta Amurka a 1905, tana da reshen ɗalibai da ake kira Interact. An buɗe na farko a 1962 a wata sakandare da ke garin Melbourne a jihar Florida, kuma 'yan shekara 12 zuwa 18 ne ke shiga. Manya daga wani kulob na Rotary suna tsaya musu, malami yana sa ido, amma ɗalibai ne ke zaɓen shugabanninsu, su tsara aikinsu, su nemo kuɗinsu. Ƙa'idar da ta fi burge ni ita ce wannan: kowane kulob sai ya kammala aƙalla ayyuka 2 a shekara, ɗaya don makarantarsa ko unguwarsa, ɗaya don ƙulla fahimta da mutanen wata ƙasa. Wato ba da yawan taro ake auna ƙungiya ba, da abin da ta gama ake auna ta.

Rotary ɗin ma ba a nesa take da mu ba. A Kano aka kafa kulob ɗinta na farko a Najeriya, a 1961, kuma wani lauya mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya baki ɗaya, daga 2003 zuwa 2004. Ita ce ta ɗauki yaƙi da cutar shan inna tun 1985, tare da gwamnatoci da hukumomin lafiya da sarakuna, har aka kai Agustan 2020 da aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta bar nahiyar Afirka. Shekara 35 ana abu ɗaya. Irin wannan naci ba ranar da mutum ya zama babba yake sauko masa ba.

Ni dai zan faɗi inda na fara gane haka, ko da kuwa abin bai yi mini daɗi ba. Ina aji huɗu aka zaɓe ni ma'ajin wata ƙungiyar agaji a makarantarmu. Kowane mako 'yan ƙungiya suna ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, ina zubawa a gwangwanin madara, ina ɓoyewa a ƙasan akwatina. Mun sayi bandeji da auduga da maganin wanke ciwo, mun sayi tsintsiya. Ban ci ko sisi ba, Allah shi ne shaida. Amma ban rubuta komai ba. Ranar taron ƙarshen zango, wani yaro ɗan aji biyu, wanda a hostel ni nake aikensa ɗebo ruwa, ya ɗaga hannu ya ce, “Yaya, nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage?” Na buɗe baki, babu amsa. Malaminmu bai ceto ni ba. Ya ce a ɗage taron zuwa mako mai zuwa, in zo da lissafi. Kwana bakwai na yi ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ina komawa wurin mai kantin magani ina tambayar farashi. Tun daga ranar ban ƙara karɓar kuɗin jama'a ba tare da takarda da biro ba. Shi kuma yaron ya gane cewa ƙarami yana da ikon tambayar babba lissafi, a gaban kowa, cikin ladabi, kuma sama ba za ta faɗo ba. Darasin zama ɗan ƙasa da ake koyarwa a aji yana bayanin wannan a shafi guda. Mu a jikinmu muka ji shi.

To amma kada mu yaudari kanmu. Ƙungiyoyi da yawa a makarantunmu taron tsintsiya ne ba shara. Wasu ɗaliban kaki ne ya ja su, da bel da hula da damar daka wa na ƙasa tsawa. Wasu muƙami suke nema, har ka tarar da ƙungiya mai mutum 20 tana da masu muƙami 15. Akwai kuma sabuwar cuta: a sayi kwalin sabulu guda, a kai gidan marayu, a jera yaran a ɗauki hoto a sa a Facebook, shi ke nan sai baɗi. Ana dasa bishiya ɗari ranar biki a gaban babban baƙo, amma watan Maris da rana ta buɗe babu wanda ya tuna da bokiti. Mafi muni, akan kwashi ɗalibai da kayan ƙungiya a kai su tarbar ɗan siyasa su yini a rana. Yaron da ya taso a haka shugabanci ya koya, amma irin wanda muke kuka da shi kullum.

Aikin da ke gina yaro ƙarami ne, kuma yana da gajiya. Yashe kwatar da ke bayan makaranta kafin ruwan farko. Ɗaukar yara goma na firamaren da ke makwabtaka a zauna da su duk Asabar har su iya haɗa baƙi. Koyon cewa wanda ya ƙone ruwa mai sanyi ake ta kwarara wa wurin na kimanin minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ake shafa masa ba, sannan a je gida a koya wa uwa. Rubuta abin da aka yanke a taro, a karanta shi a taro na gaba, a tambayi wanda ya ɗauki alkawari ina aka kwana.

Iyaye suna da nasu uzurin, kuma ba na raina shi. Wani ya ce ga WAEC ga NECO ga JAMB, ina lokacin shara? Sa'a biyu a mako ba ita ke kayar da ɗalibi ba, waya tana cin fiye da haka kafin la'asar. Wani yana tsoron inda za a kai masa 'ya. Wannan haƙƙinsa ne: ya je makaranta ya ga malamar da ke tare da su, ya san inda za su da lokacin dawowa. Amma kada a ce hidimar jama'a ta maza ce, alhali matan nan su ne gobe za su riƙe asibitoci da ajujuwa. Wani kuma sunan ƙungiyar ne bai kwanta masa ba don daga waje ta zo. To, ga Red Cross da dokar ƙasa ta kafa tun 1960, ga 'yan sikawut, ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta faro a 1954, ga ta ɗalibai Kirista, ga 'yan agajin da muke gani suna tsare sahu a filin Idi. In duk babu, ɗalibai bakwai da malami ɗaya sun isa su kafa tasu.

Tun 1973 Najeriya take tura waɗanda suka gama jami'a yi wa ƙasa hidima na shekara guda. Sai dai mutum nawa ne ke kaiwa jami'a? Kuma wanda bai taɓa ɗaukar tsintsiya don wani ba har ya shekara ashirin da wani abu, kaki da alawus ba za su sauya shi cikin wata 12 ba.

Don haka, shugabannin makarantu, ku mayar da ranar kulob cikin jadawali da gaske, ku bar yara su yi zaɓensu da kansu, kuma a ƙarshen shekara ku nemi kowace ƙungiya ta nuna aikin da ta gama da lissafin kuɗinta a gaban asambuli. Ke ɗaliba, kai ɗalibi, idan aka kaɗa ƙararrawa wannan makon kada ku bi ta ƙofa. Ku shiga ɗakin taron, kuma idan aka tambayi wa zai riƙe littafin kuɗi, ku ɗaga hannu.