Baitin Turanci Ba Fasfo Ba Ne

Wata magana ta zama kamar hadda a bakin matasan mawaƙanmu da manajojinsu: wai waƙar Hausa ba za ta tsallake Kogin Kwara ba sai an ɗauko wani daga Legas ya zuba mata baiti ɗaya na Turanci. Kana neman hujja sai a ce ka dubi Despacito, ka dubi Waka Waka. To mun duba, kuma abin da muka gani ya saɓa wa abin da ake faɗa mana.

Despacito ta fito ne a Janairun 2017 daga bakin Luis Fonsi da Daddy Yankee, 'yan tsibirin Puerto Rico, da Sifaniyanci zalla. Ta riga ta karaɗe ƙasashe kafin Justin Bieber ya ji ta ya nemi a sa shi a ciki. Da aka sake fitar da ita tare da shi a watan Afrilu, ya buɗe da Turanci, amma da aka zo amshi sai da ya lanƙwasa harshensa ya yi Sifaniyanci. Gaskiya ne shigarsa ta taimaka mata ta yi makonni 16 a saman jadawalin Billboard na Amurka. Amma bidiyon da ya zama wanda aka fi kallo a YouTube a Agustan shekarar shi ne na asali, wanda babu Bieber a ciki. Guga ne ya je rijiya. Mu kuwa ana so mu kinkimi rijiyar mu kai wa guga.

Ta Waka Waka ma ta fi ciwo. Shakira ta yi ta tare da ƙungiyar Freshlyground ta Afirka ta Kudu domin gasar cin kofin duniya ta 2010, aka fitar da ita da Turanci, aka kuma fitar da Sifaniyanci. Amshin da duniya ta haddace kuwa daga waƙar Zangalewa aka ɗauko shi, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru ta fitar a 1986. Ka tambayi duk wanda ya taka rawarta a gidan kallon ƙwallo waƙar wa ce, suna ɗaya zai kira maka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce muna ƙin haɗin gwiwa. ClassiQ ya yi Gudu da M.I, DJ AB ya yi Supa Supa da Mr Eazi, mun saurara mun ji daɗi. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da Turanci sharaɗi, har yaron da ke da zalaƙar Hausa kamar ruwa ya koma yana tuntuɓe da kalmomin da ya haddace jiya da dare.

Hujjar manajoji ta ƙarshe ita ce alƙaluma. Sai su buɗe waya su nuna maka cewa waƙar da aka yi da ɗan Legas ta fi samun masu sauraro. Nan ne mu da muke rubuta manhaja muke riƙe baki, domin mun san na'ura ba ta ƙirga sai abin da ya bi ta ƙofarta. Spotify bai shigo Najeriya ba sai a Fabrairun 2021, kuma sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 a cikin manhajarsa yake lissafa ta. To ka je Tsaskiya, a Ƙaramar Hukumar Safana. A irin waɗannan garuruwa waƙa kan zo ne a katin waya. Mai shagon caji ya sauke ta sau ɗaya, ya tura wa mai babur, mai babur ya tura wa ƙaninsa ta Xender, ƙanin ya kai ta gidan biki, daga nan sai wayoyin matan gida. Duk wannan tafiyar, a allon manaja mutum ɗaya ne.

A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Safana da Batsari, aka shafe watanni a haka. Mutane ba su daina jin waƙa ba, don abin da ke cikin kati ba ya jiran sabis. Amma a idon manhaja yankin gaba ɗaya ya yi tsit, kamar ba kowa. Da irin wannan littafin lissafi, wanda ya tsallake ɗimbin masu ƙaunar mawaƙi, ake yanke masa hukuncin harshen da zai yi waƙa da shi.

In ma harshe biyu ake so a waƙa ɗaya, ai Tsaskiya tana da su a bakin ƙofa. Garuruwan da ke gefen Dajin Rugu sun daɗe suna jin Hausa da Fillanci a kasuwa ɗaya, mai gero da mai nono, kafin a wayi gari kowa yana kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Akwai ƙauyukan da aka tasa, akwai rugagen da aka watse, akwai yaran da suka girma ba su taɓa jin wancan harshen ba sai cikin firgici. Ba mu ce waƙa tana tare harsashi ba. Wanda ya ce haka bai taɓa kwana a daji yana jiran gari ya waye ba. Amma wace haɗuwa ce ta fi buƙatar ƙarfin hali: ta mawaƙin Kano da tauraron Legas da suka turo wa juna murya ta intanet, ko ta Bahaushe da Bafulatani a gaban makirufo ɗaya, kowa yana karɓa wa ɗan'uwansa amshi da harshen da ba nasa ba?

Kuma kada a ce babu kasuwa. Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana waƙa da Hausa da Fillanci da Zabarmanci da Buzanci. Wani kamfanin Ingila, FatCat, ya fitar da kundinta Kaani a 2013, ta kuma je ta yi wasa a Amurka, ba tare da ta jingina da Turanci ba. Kuɗin da ake haɗawa a biya baiti ɗaya a Legas ya isa a kawo mai sarewa daga ruga da mai kalangu daga Safana, a kama musu situdiyo a Katsina. Wajen rabawa ma ba sai an roƙi kowa ba, masu shagon caji suna nan, kuma kati ɗaya yana shiga wayar manomi yana shiga ta makiyayi.