Ɓari a zongunan Accra: takarda za ta iya ɗaukar abin da baki ya kasa faɗa?

Idan mace ta yi ɓari a Nima, Maamobi ko zongon Abossey Okai, maƙwabta sukan shigo jaje, su ce "Allah ya ba da mai amfani", a ba ta kunu mai zafi, bayan kwana biyu ta koma sana'arta. Addu'ar tana sanyaya zuciya, amma sau da yawa da ita ake rufe zancen. Wadda abin ya maimaitu mata kuwa, ga gorin kishiya, ga kallon dangin miji.

Abin ba kaɗan ba ne. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ciki miliyan 23 ke zubewa kowace shekara a duniya. A 2020 kuma UNICEF da WHO suka ce ana haihuwar jarirai kusan miliyan 2 babu rai duk shekara. Ghana ta shigo da kulawa kyauta ga masu juna biyu tun 2008, ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012. Sai dai ungozomar da layi ya yi wa yawa, tsayar da jini ne a gabanta, ba sauraron baƙin ciki ba.

A nan ne batun rubutu ya shigo. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su zauna minti 15 kullum har kwana huɗu, suna rubuta abin da ya fi ci musu rai. Daga baya aka ga zuwansu asibiti ya ragu. A Jamus, Anette Kersting da abokan aikinta sun gwada rubutu ta intanet na mako biyar ga iyayen da suka rasa ciki, suka ba da rahoto a 2013 cewa raɗaɗin ya sassauta. Amma a lura, a can akwai ƙwararre da ke karantawa yana ba da amsa. Ba a bar mace ita kaɗai da biro ba.

A zongo matsalar farko harshe ce. Mace tana kuka da Hausa, amma Turanci aka koya mata rubutawa, wata kuma a makarantar allo ta tsaya. Da sauƙi, domin wannan rubutu ba na jarrabawa ba ne: boko, ajami ko gauraye duk ɗaya, saƙon muryar da ta ɗauka a wayarta ma zai iya tsaya mata. Ta biyu ta fi wuya, wato sirri. A gidan haya mai ɗakuna goma, littafin da ta rubuta "ina jin haushin mijina" in ya faɗa hannun wani, aure na iya girgiza. Shi ya sa duk ƙungiyar mata ko malamar Islamiyya da za ta ɗauki wannan hanya ya kamata ta fara da gaya wa mace cewa tana da damar yaga takardar da zarar ta gama. Wadda jini bai tsaya mata ba, ko zazzaɓi ya kama ta, ko take jin rayuwa ta ishe ta, asibitin Maamobi ko Korle Bu za a kai ta a ranar.