Sharhi: Ambaliyar Ruwa da Wajibcin Musayar Bayanai Tsakanin Ma'aikatu

Kamar yadda jama'a suka sani, kowace shekara tun kafin faɗuwar damina Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, takan fitar da hasashen ruwan sama, ita kuma Hukumar NIHSA mai lura da koguna takan bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ke nan bayani yana nan. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: ta wace hanya wannan bayani yake isa ga manomin da gonarsa ke bakin kogi, kuma cikin kwana nawa?

A shekarar 2022 ambaliya ta hallaka sama da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jihar Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Mu ɗauki kogin Haɗeja misali. Madatsun Tiga da Challawa suna Jihar Kano, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya, amma ruwansu yana gangarawa ne ta Ringim da Auyo da Haɗeja, inda ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa. Ma'aikatar ruwa ta san tsayin kogi, ta gona ta san manoman fadama, ta ayyuka ta san gadojin da suka raunana, ta lafiya ta san inda amai da gudawa ke ɓulla, ta ilimi kuma ta san makarantun da za a tsugunar da jama'a. Muddin kowace ta rufe nata a cikin fayil, hukumar ba da agajin gaggawa za ta iso ne bayan ruwa ya riga ya ci gari.

Muna da darasi a yaƙin da aka yi da cutar shan-inna. A 2012 an kafa cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da wasu jihohi, inda jami'an gwamnati da ƙungiyoyin agaji ke zama ɗaki ɗaya suna duba alƙaluma iri ɗaya, sarakuna kuma suna isar da saƙo ga talakawa. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka.

Bisa ga haka, muna ganin ya dace kowace ma'aikata ta naɗa jami'i guda mai alhakin miƙa bayanai, a riƙa zaman haɗin gwiwa duk mako a lokacin damina, kuma a yi amfani da sunayen ƙauyuka da mazaɓu iri ɗaya a dukkan rajistoci. Haka nan gargaɗi ya tafi cikin harshen Hausa ta rediyo da wayar salula zuwa ga hakimai da dagatai da masu unguwanni. Su kuma mazauna karkara, da zarar sun ga kogi ya fara cika, su sanar da mai unguwa ba tare da jinkiri ba, domin su ne suke fara ganin ruwan kafin kowane ofis.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mana rayuka da dukiyoyi, amin.